Koyon filastar bangon waje da yashi da siminti: tambayoyi da amsoshi

Filasta tana daga cikin ayyukan gini da suke da sauƙi a ido, domin wanda ya tsaya yana kallon gwani zai ɗauka cewa jifa ce kawai da shafawa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu koyo da masu gida suka fi yi game da bangon waje, na bulon siminti ko na jan bulo.

Me ya bambanta filastar waje da ta cikin ɗaki?

Ta cikin ɗaki ado ce kusan gaba ɗayanta, amma ta waje kariya ce, domin ita take tare ruwan damina da zafin bazara da busasshiyar iskar hunturu kafin su kai ga bulo. Da rana bangon waje yana ɗaukar zafi ya ɗan buɗe, da dare ya huce ya tsuke, kuma wannan motsin da ido ba ya gani yana gwada duk wani wuri mai rauni. A ƙasar Hausa hadari yakan taso ne daga gabas, saboda haka bangon gabas ne ya fi shan dukan ruwa, kuma magina na da sun san haka, shi ya sa suke fifita shi wajen yaɓen makuba. Mai koyo ya fara gwada hannunsa a katanga ko a bangon da ke da kariyar rufi, ya bar bangon gabas har sai hannunsa ya faɗa.

Waɗanne kayan aiki ake buƙata?

Cokalin gini, da miƙaƙƙen katako ko ƙarfen alminiyam mai tsawon kimanin mita 2 na yanke filasta, da ƙaramin katakon murzawa mai mariƙi, da soso, da igiya, da ma'aunin da ke nuna tsayuwar bango, da shebur, da baro, da kwanon sarki, da rariyar tankaɗe yashi, da bokiti da buroshi. A cikinsu dogon katakon ne ya fi cancantar a kashe masa kuɗi, domin idan ya lanƙwashe ko kaɗan, duk bangon da aka yanke da shi zai ɗauki wannan lanƙwasar. Ana gwada shi ta hanyar ɗaga shi zuwa ido a leƙa tsawonsa daga baki zuwa baki.

Wane irin yashi ya dace?

Yashin rafi mai tsabta, wanda ƙwayoyinsa suka haɗa da ƙanana da matsakaita. Yashi mai laushi ƙwarai yana da daɗin shafawa, kuma masu koyo suna son sa saboda yana manne wa cokali, sai dai yana shan ruwa da yawa kafin ya kwaɓu, kuma duk ruwan da ya sha zai fita daga baya ya bar tsaga. Yashi mai kaushi zalla kuma ba ya zama a bango, zubowa yake yi. Saboda haka magina da yawa suke gauraya biyun, kamar kwano biyu na mai laushi da ɗaya na mai kaushi, suna ƙarawa ko ragewa gwargwadon yashin da tifa ta kawo.

Babban abin gudu shi ne laka da turɓaya da ganye da saiwoyi. Akwai gwaji mai sauƙi da za a iya yi kafin a biya kuɗin tifa. A zuba yashin a gorar ruwa mai haske har rabi, a ƙara ruwa da ɗan gishiri, a girgiza sosai, a ajiye na sa'o'i uku. Yashin zai kwanta a ƙasa, lakar ta kwanta a kansa da launinta daban. Idan kaurin lakar ya kusa kashi ɗaya cikin goma na kaurin yashin, a nemi wani ko a wanke shi. Ko ba gora, idan aka dunƙule jiƙaƙƙen yashi a hannu ya bar tafin hannu da jan dauɗa mai santsi, to akwai laka a ciki. Bayan haka wajibi ne a tankaɗe shi, domin tsakuwa ɗaya da ta shiga ƙarƙashin katakon murzawa za ta ja doguwar ƙarta a filastar da aka riga aka gyara.

Yaya ake auna kwaɓi?

Buhun siminti kilo 50 ne, kuma yana cika kwanon sarki kusan biyu. Ga bangon waje ana so siminti kashi ɗaya ya tafi da yashi kashi huɗu zuwa biyar, wato buhu ɗaya da kwano 8 zuwa 10 na yashi. Ana iya kai yashin kashi shida a wurin da ruwa ba ya duka ko a kan bulo mai rauni. Awo da shebur ba awo ba ne, domin shebur ɗin safe da na bayan azahar ba su taɓa zama ɗaya ba, kuma sakamakon shi ne bango mai launi biyu da ƙarfi biyu. A riƙa aunawa da kwano ɗaya, ana share bakinsa.

A fara juya siminti da yashi a bushe, sau biyu ko uku, a kan daɓe mai tsabta, har launin ya zama ɗaya babu zane-zane, sa'an nan a buɗe tsakiya a zuba ruwa kaɗan-kaɗan. Ruwan ya kasance wanda za a iya sha. Ruwan kwata da ruwa mai gishiri ko kanwa suna ɓata siminti. Kwaɓin da ya yi daidai shi ne wanda idan aka ɗebo shi a cokali aka ɗan karkata, zai tsaya na ɗan lokaci kafin ya zame gaba ɗaya, ba ya tsiyaya kuma ba ya warwatsewa. A kwaɓa abin da za a iya gamawa cikin sa'a ɗaya kawai. Kwaɓin da ya fara daskarewa ba a farfaɗo da shi da ƙarin ruwa, ko da ya koma kamar sabo a ido, domin ƙarfinsa ya riga ya tafi. Simintin da ya daɗe a ajiye har ya yi dunƙulen da yatsa ba ya iya murƙushewa shi ma a bar shi.

Idan aka ƙara siminti, ba za ta fi ƙarfi ba?

Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa a wurin mai gida mai son aikin ƙwarai. Kwaɓi mai yawan siminti, kamar ɗaya da biyu ko ɗaya da uku, yana tsukewa sosai idan yana bushewa, kuma tun da bangon da ke bayansa ba ya tsukewa tare da shi, sai ya tsage ko ya ɓamɓaro fuskar bulon. Ka'idar da magina suke bi ita ce kada filasta ta fi bangon da ta hau ƙarfi, kuma kada shafi na biyu ya fi na farko ƙarfi. Wannan yana da muhimmanci musamman a inda ake buga bulo da ƙarancin siminti, irin wanda ake iya ƙartar sa da farce. Siminti mai lambar ƙarfi 32.5 a jikin buhu ya wadatar ga filasta, kuma mai lamba 42.5 ma yana yi idan ba a cika shi ba; ko na Dangote ne ko BUA ko Ashaka ko na Malbaza a Nijar, yashi da ruwa da hannun ma'aikaci sun fi sunan da ke jikin buhu tasiri. Garin sabulun wanki da wasu suke barbaɗawa don kwaɓi ya yi santsi yana cusa masa kumfa ya raunana shi, kuma bai kamata mai koyo ya saba da shi ba.

Me ake yi wa bango kafin a fara?

A bar sabon gini ya zauna na wasu makonni domin bulo da kwaɓin da ke tsakaninsa su gama tsukewa. A tabbatar mai wayar lantarki da mai famfo sun gama fasa bango sun binne bututunsu, an kuma kafa tagogi da ƙofofi. A kankare duk kwaɓin da ya tsiyayo ya daskare, a toshe ramuka kwana ɗaya kafin aiki, a share ƙura da buroshi mai tauri. Inda ginshiƙin kankare ko linta (kankaren saman ƙofa ko taga) ya haɗu da bulo, da inda aka binne bututu, a kafa wayar raga mai ƙananan idanu ta haye mahaɗar da kimanin santimita 10 zuwa 15 ta kowane gefe, domin nan ne tsaga takan fara bayyana.

Sai batun jiƙa bango, wanda shi ne ainihin abin da mai koyo zai daɗe kafin ya gane. Busasshen bango yana zuƙe ruwan kwaɓi cikin mintuna kaɗan, ya bar siminti ba abin da zai kama da shi, sai filastar ta zama gari daga ciki. Bangon da ya jiƙe sharkaf kuma ba ya kama komai, kwaɓi zamewa yake yi a kansa. Abin da ake so shi ne a jiƙa shi sosai da yamma, a sake yayyafa masa da safe, a fara aiki lokacin da launinsa yake da duhun danshi amma ba ya ƙyalli. Jan bulo, wanda aka gasa da wuta, ya fi bulon siminti ƙishirwa nesa ba kusa ba, kuma ana iya jin sa yana tsotsar ruwa idan aka watsa masa. Ana gwadawa da watsa ruwa cikin tafin hannu: idan ya ɓace nan take, bangon yana buƙatar ƙari.

Kankare mai santsi fa?

Ginshiƙi da linta da aka zuba a cikin katako suna fitowa da santsi, wani lokaci da maiƙon da aka shafa wa katakon. A wanke maiƙon, a sassare fuskar da guduma, sa'an nan a watsa mata kwaɓi mai ruwa-ruwa na siminti ɗaya da yashi mai kaushi biyu, a bar shi da gurji-gurjinsa ba tare da an shafa ba. Bayan kwana ɗaya ko biyu ana ba shi ruwa, filasta za ta sami abin kamawa.

Ta yaya ake samun bango miƙaƙƙe?

Ba da ido ake samun sa ba, ko da yake gwani yakan sa a zaci haka. Ana fara kafa alamun kauri: a manna ɗan dunƙulen kwaɓi a saman bango kusa da kusurwa, a danna shi zuwa kaurin da ake so, a sauko da ma'auni ko igiya mai nauyi a baki a kafa wani a ƙasa daidai da shi. A yi haka a ɗaya kusurwar, a ja igiya tsakaninsu, a jera wasu alamun a tsakani, tazarar kowanne ba ta kai tsawon katakon yankewa ba. Wannan igiyar ce take tona asirin birkilan da ya jera bulo, domin za ta nuna inda bango ya yi ciki da inda ya turo. Sai a haɗa alamar sama da ta ƙasa da siririn layin kwaɓi, a yanke shi daidai, a bar shi ya ɗan yi tauri. Waɗannan layukan su ne katako zai riƙa hawa.

Daga nan sai cike tsakani. Ana ɗebo kwaɓi a cokali a jefa shi da karkaɗar wuyan hannu, da ƙarfin da zai sa ya shige ramukan bulo ya kori iskar da ke tsakani. Mai koyo yakan jefa da kafaɗa, ya gaji da wuri, rabin kwaɓin kuma ya dawo ƙasa, shi ya sa yake da kyau a shimfiɗa katako ko buhunan da aka zazzage a gindin bango domin a kwashe abin da ya zubo tun bai ɗauki ƙasa ba. Ana fara aiki daga saman bango a sauko, don kada abin da ke zubowa ya ɓata wurin da aka gama. Idan fili ya cika ya ɗan haura layukan, a ɗan jira kwaɓin ya kama, sa'an nan a ɗora katako a kan layuka biyu, a riƙa jan sa sama ana motsa shi dama da hagu. Duk inda ya bar rami a cike a sake yankewa.

Murzawa ita ce matakin da ke buƙatar haƙuri. Idan aka danna yatsa ya bar ɗan sawu amma kwaɓin bai manne masa ba, lokaci ya yi. A ɗauki katakon murzawa a riƙa zagayawa da shi, ana yayyafa ruwa kaɗan da buroshi idan wurin ya fara tauri, sa'an nan a bi da soso mai ɗan danshi. Wanda ya yi gaggawa zai ja filastar ta saki bango daga ciki ba tare da ya sani ba, wanda ya makara kuma zai yi ta zuba ruwa yana wanke simintin fuska. Kada a goge bangon waje da cokalin ƙarfe har ya yi ƙyalli, kuma kada a barbaɗa busasshen siminti a fuska don a yi sauri, domin duka biyun suna tara siminti zalla a sama, shi kuwa yana tsattsagewa kamar busasshiyar laka a bakin tafki. A kusurwa ana kafa miƙaƙƙen katako a gefe ɗaya a cika ɗayan. A yi ƙoƙari kuma a gama bango daga kusurwa zuwa kusurwa a rana ɗaya, domin mahaɗar aikin jiya da na yau takan fito ko bayan fenti.

Wane kauri ya kamata?

Milimita 12 zuwa 15 a shafi ɗaya, wato kimanin kaurin ɗan yatsa. Idan bango ya karkace har ana buƙatar fiye da haka, a yi shafi biyu: a jefa na farko, a ƙarce fuskarsa da ƙusa ko guntun waya tun yana ɗanye, a ba shi ruwa na kwana biyu zuwa uku ko fiye, sa'an nan a ɗora na biyu wanda bai kai shi kauri ba. Kwaɓi mai kauri da aka lafta a tashi ɗaya nauyinsa yana jan sa ƙasa, ya bar tsaga a kwance. A bangon da ruwa ke duka sosai shafi biyu ya fi ɗaya aminci ko da bangon miƙaƙƙe ne.

Wane lokaci ya fi dacewa da aikin?

A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri, a riƙa bin inuwa: bangon yamma da safe, bangon gabas bayan azahar. Hunturu yana yaudarar mutane da sanyinsa, alhali iskarsa ta fi rana saurin busar da filasta. Ranar damina mai lumshi ita ce mafi daɗin aiki, muddin akwai leda a kusa da za a rufe bango idan hadari ya taso, domin ruwan da ya sauka a sa'o'in farko zai wanke fuskar.

Har yaushe ake ban ruwa?

Siminti ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, haɗuwa yake yi da ruwa a hankali, kuma da zarar ruwan ya ƙare wannan haɗuwar ta tsaya. Saboda haka a fara yayyafi mai laushi da zarar fuskar ta yi taurin da ruwa ba zai ƙarce ta ba, a ci gaba safe da yamma na kwana bakwai, a ƙara da tsakar rana idan hunturu ne ko bazara. Rataya jiƙaƙƙun buhunan algarara a jikin bango yana rage wahalar. A nan ne aiki mai kyau ya fi lalacewa, domin magini ya karɓi kuɗinsa ya koma wani wuri, mai gida yana ganin an gama, ruwa kuma saye ake yi a wurin 'yan garuwa. Ya kamata a sa kuɗin ruwan kwana bakwai a cikin lissafi tun farko, a kuma ambaci sunan wanda zai riƙa zubawa.

Filasta ta tsage. Me hakan yake nufi?

Siffar tsagar tana faɗin dalilinta. Ƙananan tsage-tsage da suka sarƙe da juna a fuska alama ce ta yawan siminti, ko yashi mai laka, ko yawan guga, ko rashin ban ruwa, kuma galibi ba su da zurfi. Miƙaƙƙiyar tsaga a gefen ginshiƙi ko ƙarƙashin linta tana nuna ba a sa raga ba. Tsagar da ta bi layin bulo hawa-hawa, ko ta tashi a karkace daga kusurwar taga tana ƙara faɗi, daga ginin kansa take, kuma sake filasta ba zai magance ta ba sai injiniya ya duba tushe. A ƙwanƙwasa bango da mariƙin cokali: inda ya yi amon holoƙo filasta ta saki, sai a fasa wurin har inda ta kama, a share, a jiƙa, a sake. Idan kuma aka shafa hannu yashi ya biyo, siminti ya yi kaɗan ko bango ya zuƙe ruwan kwaɓin. Farin gishirin da ke fitowa a gindin bango danshi ne ke hawowa daga ƙasa, kuma maganinsa yana wurin gyara magudanar ruwa da indararo da yin dakali mai gangara da zai kore ruwa daga gini.

Ana iya yi wa bangon ƙasa filastar siminti?

Ana yi da yawa a garuruwanmu, amma siminti ba ya kama ƙasa yadda yake kama bulo, kuma idan ruwa ya sami hanyar shiga ta sama ko ta wata tsaga, filastar takan hana shi fita, sai ƙasar ta jiƙe a ɓoye har wata rana ɓangare guda ya faɗo. Wanda ya zaɓi yin haka ya kafa wayar raga da dogayen ƙusoshi, ya yi kwaɓi mai sauƙin siminti, ya kuma tsare saman bangon daga ruwa.

Buhu nawa bango zai ci?

A kaurin milimita 15 da kwaɓin ɗaya da biyar, buhu ɗaya yana rufe kimanin murabba'in mita 8 zuwa 10 idan an cire abin da ke zubewa. Bango mai tsawon mita 10 da tsayin mita 3 zai ci buhu uku zuwa huɗu. Bangon da ya karkace yana iya cin ninkin haka, kuma hannun mai koyo ya fi na gwani ɓarna.

Akwai haɗari ga lafiya?

Jiƙaƙƙen siminti yana cin fata a hankali ba tare da an ji zafi nan take ba, shi ya sa ake ganin leburori da tsattsagen hannu da gyambo a tsakanin yatsun ƙafa. A sa safar hannu ta roba da takalmin ruwa, a rufe hanci lokacin zazzage buhu, kuma idan kwaɓi ya faɗa a ido a wanke da ruwa mai yawa na tsawon mintuna kafin a tafi asibiti. Abin da ake takawa a kai ga saman bango ya zama an ɗaure shi da kyau. Jera bulo a tsaye a ɗora katako a kai ya jefar da mutane da yawa.

Yaushe za a yi fenti?

Bayan kimanin mako huɗu, lokacin da filasta ta bushe sosai launinta ya zama ɗaya. Fentin da aka shafa a kan ɗanyar filasta yana kumbura ya ɓare.

A ina ake koyon sana'ar?

Mafi yawan masu filasta a wurin aiki suka koya, a ƙarƙashin wani maigida, suna farawa da tankaɗe yashi da kwaɓi da ɗaukar kwano kafin a miƙa musu cokali. Wannan matakin ba ɓata lokaci ba ne, domin wanda ya daɗe yana kwaɓi yana gane kwaɓin da ya yi tun daga yadda yake barin shebur. A Najeriya kwalejojin fasaha suna koyar da gini har zuwa jarrabawar sana'o'i ta NABTEB, Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana ba da takardar gwajin sana'a mai mataki uku, hukumomin gwamnati masu horar da sana'a, ITF da NDE, kuma suna shirya horo lokaci-lokaci. Wanda yake son gwadawa a gida ya gina ɗan bango mai tsayin mita ɗaya, ya kwaɓa yashi da ƙasa kaɗan ba tare da siminti ba, ya yi ta jifa yana yankewa yana kankarewa yana sakewa, har ya kai inda zai jefa cokali goma ba tare da fiye da ɗaya ya dawo ƙasa ba.